Tarihin Likita Kamilo Golji, Mutumin Da Ya Gano Tashar Kaya A Cikin Jiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Sabon Shagamu ko a Agege sa'ad da a ke ɗaurin goro, ya san ba a ɗora huhu a mota sai an sa masa lamba. Lambar nan ita ce bakin huhu. Ita ke faɗin mai shi, ita ke faɗin inda za a sauke shi, ko Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Komai kyan goro, in lamba ta goge, to, sai dai a yi ta cigiya. A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani likita mutumin Italiya wanda shi ya fara hango wurin da a ke irin wannan aiki na sa lamba da rarraba kaya a cikin jikin ɗan Adam. Turawa na rubuta sunansa Camillo Golgi, amma Kamilo Golji a ke faɗi. Ya mutu tun 1926 bai san aikin abin da ya gano ba, kuma a lokacin masana da yawa suna cewa ai abin ma babu shi.

An haifi Golji ran 7 ga Yuli, 1843, a wani ƙauye mai suna Corteno, cikin duwatsun arewacin Italiya. A zamanin nan ƙasarsu tana hannun Austiriya. Ubansa likitan gunduma ne, saboda haka da yaro ya tasa sai aka tura shi Jami'ar Pavia, kudu da birnin Milan, ya koyi sana'ar gidansu. Ya sami takardar likita a 1865, ya kama aiki a asibitin San Matteo na garin, har ya shiga cikin likitocin da aka aika ƙauyukan da ke kewaye sa'ad da annobar kwalara ta ɓarke. Mai karatu ya riƙe maganar kwalarar nan, za mu komo kanta.

Da farko ciwon taɓin hankali ya ja hankalinsa, ya bi wani shehun malami mai suna Lombroso. Amma sai ya ga magana ta yi yawa, abin da ido zai gani ya yi kaɗan. Wanda ya juya masa akala shi ne Bizzozero, wani malami da ya ƙware wajen duban naman jiki da madubin likita. Abin sha'awa, Golji ya girmi malamin nasa da shekara uku, amma wannan bai hana shi durƙusawa ya ɗauki karatu ba. Daga baya ma, a 1877, ya auri Lina Aletti, 'yar dangin Bizzozero. Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka riƙi wata 'yar ɗan'uwansa mai suna Karolina.

Bincike ba ya ciyar da mutum, wannan kuwa mazauna Ikko ba sai an gaya musu ba. Ubansa ya matsa masa ya nemi aiki mai albashin kirki. A 1872 ya zama babban likita a wani asibitin masu ciwon da ba ya warkewa, a garin Abbiategrasso kusa da Milan. Babu ɗakin bincike a wurin, babu abokin shawara. Sai ya mai da ɗakin girki wurin aikinsa, in ya gama duban marasa lafiya da rana ya koma can da dare shi da madubinsa.

Ga matsalar da ta dame shi. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina soro da tubali. A hanta ko a fata ana iya rina su a gan su ɗaya ɗaya. Amma a ƙwaƙwalwa ƙwayoyin jijiya suna da rassa dogaye da suka sarƙe da juna, in ka rina su duka sai ka ga duhu kawai, kamar wanda ya shiga kurmin Ijabu yana so ya san ko wane reshe na wace bishiya ne. A 1873 Golji ya jiƙa ɗan yankin ƙwaƙwalwa cikin wani sinadari mai ruwan goro, ana ce da shi potasiyam daikuromet, har ya yi tauri, sa'an nan ya tsoma shi cikin ruwan azurfa. Da ya yanka siriri ya duba, sai ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani. Rinin bai kama dukan ƙwayoyin ba, 'yan kaɗan ya kama cikin ɗari, amma wadda ya kama ya baƙanta ta ƙirin tun daga gindi har ƙarshen reshe, sauran kuwa suka zauna garau. Watau kamar a ce cikin kurmin nan an shafa wa bishiya guda shuni, ta fito fili da saiwarta da rassanta. Ya buga labarin a wata jaridar likitoci ta Italiya cikin watan Agusta na shekarar. Wannan baƙin rini da aka yi a ɗakin girki, har yau masu binciken ƙwaƙwalwa ba su yar da shi ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya koma Pavia yana koyarwa, ya ɗan taɓa Jami'ar Siena, a 1881 kuma ya gaji kujerar malaminsa Bizzozero ta ilmin sanin cututtuka.

To, a nan ne tarihinsa ya taɓo namu. Ƙasar Pavia ƙasar shinkafa ce, ruwa kwance ko'ina, kamar dai fadamar Jere da kogin Ngadda ke shayarwa a gefen Maiduguri, inda mutanen Khaddamari da Zabarmari ke noman shinkafa. Inda shinkafa ta ke kwance cikin ruwa kuwa, nan zazzaɓi ya ke. A zamanin Golji zazzaɓin cizon sauro yana kashe dubban mutane kowace shekara a Italiya, Turawa kuma suna zaton mugun iskan fadama ke kawo shi. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani soja a Aljeriya, amma ba kowa ya gaskata shi ba.

Daga 1885 Golji ya zauna kan wannan al'amari, kuma irin haƙurin da ya yi abin a yaba ne. Yakan ɗebi ɗigon jinin mara lafiya guda, ya duba, bayan 'yan awoyi ya sāke ɗiba ya duba, yana rubuta zafin jikin mutumin kowane lokaci. Sai ya ga ƙwayar cutar tana shiga cikin jar ƙwayar jini, ta ci ta girma, ta rarrabu gida gida kamar fure, sa'an nan ƙwayar jinin ta fashe 'ya'yan su watsu su kama sababbi. Kuma duk tare su ke fashewa, kamar an buga musu ƙararrawa. Daidai lokacin fashewar nan ne mutum ke jin sanyi ya kama rawar ɗari, zazzaɓi ya rufe shi. Ya nuna cewa akwai irin da ke cika zagayensa cikin awa 72, akwai mai awa 48, kuma ba ƙwaya ɗaya ba ce, iri biyu ne dabam. Wannan shi ne asirin zazzaɓin da kan kama manomi yau, ya sake shi gobe har ya fita gona, jibi ko gata ya komo, abin da wasu kan ɗora wa iska ko sammu. Ya kuma lura cewa yawan ƙwayoyin cikin jini yana tafiya da tsananin ciwon, da kuma cewa kwinin ya fi cin su in an ba da shi 'yan awoyi kafin zazzaɓin ya taso.

A yi hattara, irin da ya fi kisa a Nijeriya ba cikin biyun nan ya ke ba. Wasu likitoci na birnin Rum, su Marchiafava da Celli, su suka fi bayyana shi. Sauro kuma ba Golji ya kama shi da laifi ba, Ronald Ross ne da Grassi, a 1897 da 1898. Amma mai awa 72 ɗin nan muna da shi, har a 1963 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Badun, Gilles da Hendrickse, suka danganta shi da wani ciwon ƙoda mai kumbura yara. Magani ma ya sāke tun tuni, yanzu ba a jiran lokaci, da an tabbatar da cutar a ke farawa. Duk da haka, ma'aikacin asibiti da ya shafa jininka a gilashi ya leƙa madubi yana ƙirga, a kan sawun Golji ya ke tafiya.

Yanzu sai babban labarin. A 1898, yana da shekara 54, ya ɗan sāke haɗin rininsa ya gwada a kan ƙwaƙwalwar mujiya. Sai ya ga a cikin cikin ƙwayar jijiya kanta akwai wani abu kamar raga, ya kewaye tsakiyarta. Cikin watan Afrilu ya kai bayanin gaban ƙungiyar likitocin Pavia. Almajiransa suka bi, suka same shi a wasu sassan jiki ban da jijiya. Mene ne shi, me ya ke yi? Madubin zamanin bai isa ya nuna ba. Ga shi kuma rinin yana da taurin kai, yau ya kama gobe ya ƙi, kuma a ƙwaya mai rai ba a ganin komai. Saboda haka masana da yawa suka ce ai dattin azurfa ne ya kwanta, Golji ya ɗauke shi wani abu. Gardamar nan ta fi shekara hamsin.

A tsakanin nan girma ya yi ta zuwa masa. Ya shugabanci Jami'ar Pavia sau biyu, a 1900 sarkin Italiya ya naɗa shi ɗan majalisar dattawa, wani almajirinsa Adelchi Negri kuma ya gano a 1903 alamar da a ke gane haukan kare da ita a ƙwaƙwalwa. A 1906 aka ba shi kyautar Nobel, shi da wani mutumin Sifen, Ramon Kahal, wanda Turawa ke rubutawa Cajal.

Wannan rabo bai yi wa Golji daɗi ba, kuma a nan ne halinsa ya fito. Kahal ya fara ganin baƙin rinin ne a Madrid a 1887, ya ɗauka ya gyara shi, ya yi aiki da shi a kan ƙwaƙwalwar tsuntsaye da jariran dabbobi, inda rassa ba su sarƙe ba tukuna. Ya ce kowace ƙwayar jijiya zaman kanta ta ke yi, tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta amma ba su haɗe ba. Golji kuwa ya tsaya kan cewa rassan duk a haɗe su ke kamar koma guda. Da rini ɗaya su ke aiki, abu ɗaya su ke kallo, amma kowa da abin da ya gani. Ranar da ya tashi yin laccarsa ta karɓar kyauta a Istokholm, kowa na zaton zai yi maganar rininsa, sai ya ɓuge da sukar ra'ayin Kahal, mutumin kuwa na zaune a wurin. A ganinmu wannan bai dace da dattijo ba, balle ma Kahal ne ke da gaskiya. Mutumin da ya yi haƙurin bin jinin mara lafiya awa bayan awa, ya kasa haƙurin sāke duban ra'ayin da ya riƙe tun yana saurayi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Farko, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya riƙe wani asibitin soja a Pavia, inda a ke jiyyar waɗanda harsashi ya lalata wa jijiya. Ya yi ritaya a 1918. Ya mutu ran 21 ga Janairu, 1926, yana da shekara 82, aka binne shi a Pavia.

Shari'arsa kuwa sai bayan ransa aka yanke. Har a 1949 wasu masana biyu a Amurka, Albert Claude da George Palade, sun buga takarda suna cewa ragar Golji aikin rini ce kawai. Sai ga sabon madubi mai aiki da ƙarfin lantarki maimakon haske. A 1954 Dalton da Felix suka ɗauki hotonta ba tare da azurfa ba, ga ta nan zahiri: 'yan jakunkuna ne shimfiɗaɗɗu na tantani, an jera wani kan wani kamar gurasa a faifan mai talla, da wasu ƙananan ƙunsa zagaye da su. A 1954 da 1955 kuma madubin nan dai ya nuna 'yar tazarar da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar'uwarta. Watau na'ura ɗaya, kusan shekara ɗaya, ta ba Golji gaskiya a kan abin da aka ƙaryata shi, ta kāda shi a kan abin da ya fi taƙama da shi. A 1956 ƙauyensu ya ƙara sunansa a kan nasa, ya zama Corteno Golgi.

Palade ɗin nan da ya yi musu, shi ne kuma ya fi kowa bayyana aikinta. Shi da almajirinsa Jamieson, cikin shekarun 1960, suka bi sawun furotin a jikin ɓeran Masar, a wata gaɓa ta bayan tumbi mai yin ruwan narkar da abinci. Furotin su ne ma'aikatan jiki da kayan gininsa. Suka ga ana ƙera su a wani sashe na ƙwaya, a ƙunsa su cikin 'yar jakar tantani a kai su jerin gurasar nan, su shiga ta gefe guda su fita ta ɗaya gefen, a sāke ƙunsa su a aika waje. Ashe tasha ce. Palade ya sami Nobel a 1974. Kusan kowace irin ƙwaya a jikinmu tana da tashar, ban da jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda kan zubar da tasu in sun nuna.

To, ina lambar? A 1966 Neutra da Leblond a Kanada suka nuna cewa a tashar nan a ke liƙa wa furotin 'yan gutsattsarin sukari iri iri. Ko rukunin jinin da a ke rubuta wa mutum a asibiti, A ko B ko O, bambancin ɗan sukari ne da ma'aikatan tashar Golji kan liƙa tun ƙwayar jini na cikin ɓargo. Mai O, nasa ba a ƙara masa na ƙarshen ba.

Amma lambar da ta fi nuna nauyin al'amarin ita ce ta masu share juji. Kowace ƙwaya tana da ɗan ɗakin da ta ke narkar da shara, da furotin iri kusan hamsin masu wannan aiki. Tare da sauran kaya a ke ƙera su, tare su ke isowa tasha. A can sai wani ma'aikaci ya gane su, ya ɗora ɗigon fosfet a kan wani sukari mai suna manos da ke jikinsu. A bakin fita akwai mai duba lamba, kamar ɗan kamasho, duk mai wannan shaida sai ya ware shi ya sa shi a jakar da za ta juji. Ta hanyar wasu yara marasa lafiya aka gane haka. A 1967 aka bayyana wani ciwon gado da ba shi da yawa, wanda sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, kamar sikila. Yaron ba ya girma sosai, gaɓoɓinsa su ƙage, da wuya ya kai shekara goma. A 1972 Elizabeth Neufeld da Hickman suka gano abin mamaki: yaran suna ƙera masu share jujin, lafiyayyu kuwa, har sun cika musu jini. Lamba ce kawai babu. Da ba lamba, tasha sai ta ɗauke su kayan waje ta fitar da su, shara kuma ta yi ta taruwa a cikin ƙwaya har ta shaƙe ta. A 1977 William Sly da abokan aikinsa suka gane ko wace lamba ce.

Ba kaya kaɗai a ke sa wa lamba ba, har ma'aikatan. Akwai wasu furotin da a ke kira Rab, iri sittin da wani abu a jikin mutum, su ke nuna wa kowace jaka inda za ta tsaya, kuma ba sa iya kama tantani sai an liƙa musu wutsiyar kitse. Furotin da ya gama aikinsa a bayan ƙwaya, akan rataya masa wata lamba mai suna yubikwitin, a janye shi ciki a kai juji. In ƙwaya za ta rabu biyu kuwa, sai a bi ginshiƙan tashar da ɗigon fosfet, ta wargaje gutsi gutsi, a raba wa 'ya'yan biyu kamar gado, sa'an nan a cire fosfet ɗin kowace ta sāke ɗinke tata. Masana uku, Rothman da Schekman da Südhof, sun sami Nobel a 2013 saboda bayyana yadda jakunkunan nan ke tashi da yadda su ke sauka.

Duk inda a ke aiki da lamba, ba a rasa mai yin ta jabu. Cikin watan Agusta na 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Muna, a ƙaramar hukumar Jere wadda hedkwatarta ke Khaddamari, kafin shekara ta ƙare ta kama mutum fiye da 5,000 a jihar Barno. Ƙwayar kwalara ba ta shiga jini, a hanji ta ke zama ta saki dafi. Dafin ya manne a bayan ƙwayar hanji, a janye shi ciki cikin jaka, ya bi hanyar kaya a juye, ta tashar Golji har zuwa maƙerar furotin. Yana ɗauke da wata shaida irin wadda ma'aikatan maƙera ke ɗauke da ita domin in sun ɓace a mai da su gida. Daga can sai ya sulale, ya je ya liƙa tasa lambar a kan furotin da ke kunna famfon gishiri na ƙwayar, ya maƙale a kunne ba ya kashewa. Gishiri ya yi ta kwarara cikin hanji, ruwa na biye da shi, har babban mutum kan zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Akwai wata ƙofa a hanji da dafin bai taɓa ba, wadda ke shigar da gishiri in yana tare da sukari, ruwa kuma ya bi su. Ta wannan ƙofa ruwan gishiri da sukari ke ceton mai amai da gudawa kafin a kai shi asibiti. Sa'ad da Golji ke yawo ƙauyukan Pavia yana sabon likita, yana duban masu kwalara, saura shekara wajen talatin ya hango tashar da dafin ke ratsawa.